Shaidar Jini a Kan Ciwon Asma ga Yara

(Jawabin da ɗalibai masu koyon aikin likita suka gabatar wa taron ɗalibai 'yan asalin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a garin Ƙofa)



 Batun da aka ɗora mana shi ne ciwon asma ga yara, musamman abin da gwajin jini yake iya nunawa game da shi. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan mai karatun shari'a ko tarihi ko aikin gona da ƙwayoyin jini? To, ai kowa ya san cewa a garuruwanmu duk wanda ya shiga jami'a likita ne a idon mutanen gidansu. Da zarar an komo daga asibiti da 'yar takardar gwaji, shi ake miƙa wa a ce ya duba ya faɗi abin da ke ciki. Abin da ya faɗa kuwa, sau da yawa shi ne zai sa a koma wurin likita ko a wuce kemis. Saboda haka wannan magana ta shafi kowa a zauren nan.

Mene Ne Asma?

Tun da can Hausawa suna da kalmar fuka, wadda suke kiran ciwon da ke toshe numfashi da ita. A yau kuwa in an ce tarin fuka, tibi ake nufi. Wannan cuɗanya ta sunaye ta jawo ɓarna, domin akwai gidajen da ke ɓoye yaro mai asma don gudun kada a ƙyamace su. Lalle ne mu raba su tun daga farko: tibi ƙwayar cuta ke kawo shi, kuma ana ɗauka, asma kuwa ba a ɗaukarta, ko da an ci abinci a kwano ɗaya an kwana a ɗaki ɗaya.

Huhun mutum kamar itace yake wanda aka kifa, gindi a sama, rassa a ƙasa. Iska tana bi ta maƙogwaro, ta rarrabu cikin bututu manya, sa'an nan ƙanana, har ta isa inda take haɗuwa da jini. Ga mai asma, fatar cikin bututun nan a kumbure take kusan kullum, ko da ba ya jin kome. Sa'ad da wani abu ya tsokane ta, sai kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru, naman da ke kewaye da bututun kuma ya tsuke. Bututun yaro da ma siriri ne, don haka ɗan kumburin da babba zai jure sai ya hana yaro numfashi. Alamomin su ne tari mai tashi da dare ko da asuba, da kukan ƙirji kamar fito, da haki bayan gudu ko wasa, kuma abin yana tafiya yana komowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kuma kashe 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe matalauta da masu tasowa. A Nijeriya, wani bincike da Obianuju Ozoh ta Jami'ar Legas ta jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya ƙiyasta masu ciwon da kimanin miliyan 13, kuma waɗanda likita ya taɓa gaya musu sunan ciwon nasu ba su kai rabi ba.

Abubuwan da ke tayar da ita kuwa ba baƙinmu ba ne. Akwai ƙura da hazon hunturu. Akwai ƙaiƙayin da ke tashi da kaka wajen sussukar masara da casar shinkafa, abin da mutanen Doguwa da Tudun Wada suka fi kowa sani. Akwai hayaƙin itace da kara a madafa, da turaren wuta, da maganin sauro mai hayaƙi a rufaffen ɗaki. Da damina kuma akwai wani ɗan ƙwaro, dangin kaska, wanda ido ba ya gani, yana zaune cikin katifa da matashin kai, kuma yana son laima. Kudancin Kano kuwa ya fi arewacinta samun ruwan sama. Fiye da waɗannan duka, mura ce ta fi yawan tayar wa yara da ciwon.

Shaidu Uku a Cikin Jini

Tun da tushen asma kumburi ne, kuma ba a iya leƙa cikin huhun yaro kullum, sai masana suka nemi sawun kumburin a cikin jini. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa. Za mu kawo shaidu uku waɗanda aka fi gani a takardun gwaji.

Shaida na farko shi ne iyosinofil. Wannan wani jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mayaƙan jiki. Wani Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ya ba shi suna a 1879, domin ya ga yana shan wani jan rini mai suna iyosin. A ɓargo ake yinsa, sa'an nan ya bi jini zuwa inda ake bukatarsa. In ya taru a bututun huhu, yakan zubar da wasu sinadarai masu ƙuna waɗanda ke ɗaye fatar bututun. A 1958 wani likita a garin Dabi na Ingila, Harry Morrow Brown, ya lura cewa masu asmar da kakinsu ke cike da iyosinofil su ne suke samun sauƙi da maganin sitiroyid, waɗanda ba su da shi kuwa maganin bai cika yi musu aiki ba. Daga nan aka gane cewa asma iri-iri ce, kuma wannan ƙwaya tana iya nuna irin maganin da zai dace.

Ga yadda ake lissafin. Ana ƙirga ƙwayoyin ne a cikin maikurolita ɗaya na jini, watau kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Sau da yawa takarda takan ba da jimlar fararen ƙwayoyi, sa'an nan ta ba da kason iyosinofil cikin ɗari. Alal misali, in jimlar 8,000 ce, iyosinofil kuma kashi 5 cikin ɗari, to adadinsa 400 ke nan. Littattafai suna ɗaukar abin da ya haura 500 a matsayin ya wuce kima, amma ga mai asma ko 300 ma abin lura ne. Wani gwaji da aka yi a Amurka kan yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa masu 300 ko fiye sun fi amfana da shaƙar sitiroyid a kullum. Haka kuma masu binciken garin Tusan, a Amurka ɗin, sun sa iyosinofil na kashi 4 cikin ɗari a cikin ma'aunin da suka fitar a 2000 don hasashen wane jariri mai kukan ƙirji ne zai girma da asma. Wannan tambaya ce babba, domin su ɗin ne suka nuna a 1995 cewa fiye da rabin yaran da ke kukan ƙirji kafin shekara uku sukan daina kafin su kai shida.

Shaida na biyu shi ne IgE, wani nau'in garkuwar jiki da aka gano tsakanin 1966 da 1967, a hannun wasu Japanawa miji da mata, Kimishige da Teruko Ishizaka, a Amurka, da kuma Johansson da Bennich a Suwidin. Shi IgE yakan manne ne a jikin wasu ƙwayoyi da ke fata da hanci da huhu, yana jiran abin da jiki ya ɗauka a matsayin abokin gaba. In ƙurar katifa ko garin furen ciyawa ya taɓa shi, sai ƙwayoyin su fashe su saki sinadaran da ke kawo atishawa da ƙaiƙayi da borin jini da tsukewar ƙirji. A Turai, in aka ga IgE na yaro ya hau, akan ɗauka cewa jikinsa mai irin wannan bori ne.

Shaida na uku shi ne CRP, wani sinadari da hanta ke yi. Tillett da Francis ne suka gano shi a 1930 a birnin Niyok, cikin jinin masu ciwon nimoniya. Yakan fara hawa cikin sa'a shida zuwa takwas bayan cuta ta kama jiki, ya kai ƙololuwa a wajen kwana biyu. Kamar mai ihun gobara yake: zai sanar da gari cewa wuta ta tashi, amma ba zai faɗi gidan wa ba. Tashin asma kaɗai bai cika ɗaga shi sosai ba. Saboda haka in yaro yana haki da zazzaɓi, CRP kuma ya yi sama ƙwarai, sai likita ya nemi nimoniya, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tashin sikila. In kuwa bai hau ba, yana iya taimaka wa likita ya hana a ɗirka wa yaro magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ba sa buɗe bututun huhu ko kaɗan.

Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Yanzu mun zo kan gundarin maganarmu. Alƙaluman da muka ambata duka an samo su ne daga yaran ƙasashen da tsutsar ciki ta yi ƙaranci. Shi kuwa iyosinofil da IgE, asalin aikinsu a jiki shi ne yaƙi da tsutsa. Ke nan yaron da ke ɗauke da macijin ciki, ko tsutsa mai ƙugiya da ke shiga ta tafin ƙafa, ko tsargiya, jininsa zai nuna shaidun nan biyu sun hau, alhali kuwa huhunsa lafiya lau.

Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a ƙasar Bebeji take. Alherinta ba ya ɓoyuwa: ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ta wadata mu da kifi da tumatir da shinkafa. Amma ruwa mai kwanciya na tafki da magudanai shi ne mazaunin 'yar katantanwar da tsutsar tsargiya ke girma a cikinta, kuma a nan ƙannenmu suke wanka da iyo da kamun kifi. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar balaga, ba su ko ambata shi a gaban likita.

Abin sha'awa shi ne, an gane wannan matsala a nan kusa da mu tun shekaru hamsin da suka wuce. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka buga sakamakon binciken da suka yi kan masu asma 106 a Zariya. Sun sami ƙwaron nan a cikin ƙurar katifu, kuma kashi 45 cikin ɗari na majinyatan sun ce ciwon ya fi tsananta da damina. Amma da suka auna IgE, sai suka tarar cewa na masu lafiya ya fi na masu asma yawa, watau akasin abin da littafin Turai ya faɗa, kuma suka danganta haka da tsutsar ciki. A shekarar nan kuma Richard Godfrey ya ba da rahoto daga Gambiya cewa mutanen ƙauye IgE ɗinsu ya yi sama ƙwarai, amma da wuya a sami mai asma a cikinsu. Masu binciken Zariya sun ce asmar yara ba ta da yawa a lokacin, domin kashi 69 cikin ɗari na majinyatansu ciwon ya fara musu ne bayan shekara 19. Sai dai a lura, waɗanda suka iya kai kansu asibiti aka ƙirga, kuma da yawansu ɗalibai ne da baƙi daga kudu. Yaron ƙauye bai shiga lissafin ba.

Kada wani ya fahimci cewa tsutsa garkuwa ce da za a bar wa yaro. Tsargiya tana shanye jini, tana lalata mafitsara, tsutsar ciki kuma tana hana girma da fahimtar karatu. Daɗin daɗawa, 'ya'yan macijin ciki sukan ratsa ta cikin huhu a kan hanyarsu ta zuwa hanji, su sa tari da kukan ƙirji da hawan iyosinofil na 'yan makwanni, abin da wani likitan Suwizalan, Löffler, ya bayyana a 1932. Mai irin wannan maganin tsutsa yake bukata. Akwai kuma wata siririyar tsutsa, Strongyloides, wadda ke iya zama a hanji shekara da shekaru ba ta da ƙarfi, amma in aka yi ta ba mutum ƙwayoyi ko allurar sitiroyid, sai ta bazu cikin jiki, har ta kai ga kisa. Don haka ne ƙungiyar GINA, wadda aka kafa a 1993 don tsara yadda ake maganin asma a duniya, ta ce in iyosinofil na mai asma mai tsanani ya kai 300, a nemi tsutsa a yi maganinta kafin a ci gaba.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen. Sitiroyid yana saukar da iyosinofil cikin sa'o'i kaɗan. In an saya wa yaro ƙwayoyi a kemis jiya, aka ɗebi jininsa yau, takarda za ta fito fes, a ce ba shi da kome. Zazzaɓi mai zafi ma yana saukar da shi, kuma adadin yakan canja tsakanin safe da dare. Saboda haka gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.

Yadda Ya Kamata a Bi

Jini shaida ne, likita shi ne alƙali, kuma alƙalin kirki ba ya hukunci sai ya saurari kowa. Shaida mafi ƙarfi shi ne labarin uwa: yaushe tarin ke tashi, me ke tayar da shi, sau nawa a shekara, akwai mai irinsa a dangi? Sa'an nan a saurari ƙirjin yaro, a ba shi maganin shaƙa a ga ko ya buɗe. In ya kai shekara biyar ko shida, a sa shi ya hura na'urar auna ƙarfin numfashi. Bayan wannan ne jini zai yi magana, kuma a ƙasarmu lalle ne a haɗa shi da gwajin bayan gida da na fitsari.

Magungunan shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗewa, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, ya fito a 1969. Shi yana saki naman da ya tsuke cikin mintoci, amma ba ya taɓa kumburin. Akwai kuma mai rigakafi, watau sitiroyid na shaƙa kamar beklometason, wanda Morrow Brown ɗin nan ya nuna amfaninsa a 1972. Shi ke kwantar da kumburin, in an lizimce shi yadda likita ya tsara. Abin da ake shaƙa kaɗan ne ƙwarai, kuma huhu yake zuwa kai tsaye. Ƙwayoyi da allurai na sitiroyid kuwa, in aka mayar da su abin kullum, suna tsumburar da yaro, su raunana ƙashinsa, su kumbura masa fuska. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita, ko kuwa sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita, ba ta da tushe.

Yaro ƙarami ba ya iya daidaita danna inhela da jan numfashi, sai an sa masa wata gora a tsakani. A 1999 Heather Zar da abokan aikinta a birnin Kef na Afirka ta Kudu suka nuna cewa robar lemo mai cin mililita 500, in an huda gindinta daidai bakin inhela, tana aiki kamar gorar da ake sayarwa. Wannan abu ne da malamin asibiti zai iya koya wa uwa cikin minti biyar.

Amma in yaro ya kasa magana ko shan nono, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa da harshensa sun canja launi, ko ya fara magagi, ko an shaƙa magani bai faɗa ba, to ba sauran jira. A ci gaba da ba shi maganin a hanya, a nufi asibiti mafi kusa. Wanda ke Riruwai ko bayan dajin Falgore ya san tafiyar sa'o'i ce tsakaninsa da manyan asibitocin Kano, don haka shi ya fi kowa bukatar ajiye magani a gida.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Na farko, mu wayar da kan gidajenmu cewa asma ba tibi ba ce, ba abin kunya ba ce, kuma yaron da ake kula da ciwonsa zai yi makaranta ya yi wasa kamar kowa.

Na biyu, duk gidan da ke da mai ciwon, ɗalibin gidan ya tanadi ɗan littafi, a riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da abin da yaron ke yi a lokacin, da sunan duk maganin da aka ba shi, har na kemis da na gargajiya. Wannan littafi ya fi takardar gwaji amfani a wurin likita.

Na uku, mu roƙi iyayenmu mata kada a goya yaro a tsaya cikin hayaƙi, a riƙa shanya katifa a rana, a nisanta mai ciwon daga wurin sussuka da shiƙa, kuma a bar yara su karɓi maganin tsutsa da na tsargiya in an zo rabawa a makarantu.

Na huɗu, maganar kuɗi. Tun bayan da kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar a watan Agusta na 2023 cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabo. Magungunan nan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya kamata ƙungiyoyinmu su rubuta wa ƙananan hukumominmu huɗu da wakilanmu, su nemi a ajiye su a kowane asibitin karkara, tare da madubin likita da rini da ma'aikacin da ya iya ƙirga ƙwayoyin jini da neman ƙwan tsutsa.

Na biyar kuwa namu ne mu 'yan jami'a. Kowace shekara muna rubuta kundin kammala karatu. Me zai hana wasunmu, a ƙarƙashin malamanmu na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Ahmadu Bello, da izinin hukuma da yardar iyaye, su auna iyosinofil na yara masu lafiya a Ƙofa da Tiga da Kwanar Ɗangora da Riruwai, kafin maganin tsutsa da bayansa, da rani da damina? Mai karatun lissafi zai tsara alƙaluman, mai labarin ƙasa ya zana taswirar tafkuna, mai nazarin Hausa ya samo mana kalmomin da uwa za ta fahimta. Ta haka ne likitan da ke duba ɗan Bebeji zai sami ma'aunin da aka yanka daidai jikin ɗan Bebeji. Mutanen Zariya sun share hanya tun 1975, saura mu ɗora.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata, domin a bar lokacin tambayoyi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana ƙannenmu.